Sharhi a kan wani shagon gyara a Kano da aikin haɗa Nintendo Switch Lite da Wi-Fi na gida

Masu gyaran waya ba su da wuyar samu a Kano, domin duk wanda ya shiga kasuwar Farm Centre ko ya bi ta titin Beirut zai tarar da su jere, kowa da teburinsa da fitilarsa da ƙarfen narka dalma, amma wanda ya san na'urar wasa ta hannu, ya kuma san yadda take mu'amala da rawutar gida, wato akwatin da ke watsa Wi-Fi, samunsa sai an tona. Wannan sharhi a kan ɗaya daga cikin irin waɗannan shaguna ne, ƙaramin shago a wajajen Farm Centre wanda mai shi ya haɗa gyaran waya da na na'urorin wasa, yake kuma zuwa gida idan aikin ya buƙaci haka. Na kai masa Nintendo Switch Lite ta ɗana wadda ta ƙi hawa Wi-Fi na gidanmu, kuma hukuncina shi ne aikinsa ya cancanci abin da aka biya. Bai warware kowace matsala ba, akwai wadda ta rage har yau, sai dai ya bi matsalolin daki-daki daga inda suka taso, bai kwance ko da noti ɗaya a jikin na'urar ba, kuma da ya zo kan abin da ya fi ƙarfinsa ya faɗa mini gaskiya ba tare da kwana-kwana ba.

Yana da kyau a fara da sanin na'urar kanta, domin irinta ce ta sa matsalar Wi-Fi take da nauyi. Kamfanin Nintendo ya fitar da Switch ta farko a watan Maris na 2017, ya biyo da Switch Lite a watan Satumba na 2019, wadda ita ƙarama ce mai allo inci 5.5, ba a jona ta da talabijin, ba a kuma zare hannayenta. Babbar Switch tana da mazauni da ake ɗora ta a kai, wanda za a iya jona masa wayar intanet ta hanyar adafta, samfurin OLED na 2021 ma da ramin wayar ya zo a jikin mazauninsa. Ita kuwa Lite an yi ta ne don riƙewa a hannu, saboda haka ga yawancin masu ita Wi-Fi ne kaɗai ƙofarta zuwa intanet, kuma idan wannan ƙofa ta rufe babu sauke sabon wasa, babu sabunta wanda ake da shi, babu karawa da abokai na nesa. Tamu ta hannu ce, an sayo ta a nan kasuwa, tana buga duk katin wasan da aka sa mata lafiya lau. Abin da ya ɗaure wa mutanen gida kai shi ne wayoyi da kwamfuta suna hawa rawutar ba gardama, ita kuwa tana nuna sunan Wi-Fi ɗinmu a dusashe cikin jerin sunaye, idan aka taɓa shi ta ƙi ko neman kalmar sirri. Kashewa da kunnawa, na rawutar da na na'urar, bai canza komai ba.

Abin da ya fara burge ni a shagon shi ne gwajin farko, wanda bai ɗauki lokacin shan ruwa ba. Kafin in zo wurinsa, wani mai gyara a wata rumfa ya juya na'urar a hannu ya yanke hukuncin cewa guntun da ke kama Wi-Fi a cikinta ya ƙone, sai an buɗe an canza, ya kuma faɗi kuɗi mai nauyi. Shi wannan bai ce komai ba sai da ya kunna hosfot na wayarsa, wato ya sa ta watsa Wi-Fi, ya shiga sashen intanet a saitin na'urar, ya zaɓi sunan wayar, ya sa kalmar sirri. Nan take ta hau, gwajin haɗi ya wuce daga na'ura zuwa waya, daga waya zuwa intanet. Sai ya miƙo mini ita ya ce, "Alhaji, wannan lafiyarta ƙalau, ciwon yana gida." Ya ƙara da cewa na'urar da eriyarta ta lalace ba za ta kama wayarsa daga ƙarshen shago ba, ya sa yaronsa ya ɗauki wayar ya fita da ita bakin layi don in gani da idona, alamar sabis ɗin kuwa ba ta faɗi ba sai da yaron ya yi nisa. Ina ganin wannan gwaji shi ne ma'aunin da ya kamata kowa ya auna mai gyara da shi. Duk wanda ya ce a buɗe na'ura kafin ya gwada ta a kan wani Wi-Fi daban, ko dai bai san aikin ba ko kuma kuɗin kayan gyara yake hange.

Da ya zo gida, bai nemi na'urar wasan ba tukuna, rawutar ya nema. Tamu irin wadda ake sa wa layin waya ce, sabuwa, kuma wanda ya saita mana ita ya zaɓi tsarin tsaro mafi ƙarfi da ya gani a ciki da kyakkyawar niyya. Mai gyaran ya juya rawutar ya karanta adireshin da ke rubuce a ƙarƙashinta, irin lambobin nan da ke farawa da 192.168, ya buga shi a burauzar wayarsa, ya shiga shafin saiti, ya nuna mini inda aka rubuta WPA3. Bayaninsa a nan ya gamsar da ni. Tsarin WPA3 a 2018 aka ƙaddamar da shi, bayan an riga an tsara Switch an kai ta kasuwa, kuma ita da ƙanwarta Lite abin da suka sani shi ne WPA2 mai salon ɓoye bayanai na AES da tsofaffin tsare-tsaren da suka gabace shi. Idan rawuta ta ce ba ta karɓar kowa sai mai WPA3, wayoyin zamani za su shiga, ita Switch za ta ga sunan amma ba za ta iya gabatar da kanta ba, shi ya sa take nuna shi a dusashe. Switch 2 da ta fito a watan Yuni na 2025 ta san WPA3, amma wannan ba zai amfani mai tsohuwa ba.

A nan ne muka ɗan yi ja-in-ja mai amfani. Niyyarsa ta farko ita ce ya mayar da gidan gaba ɗaya kan WPA2, domin shi ne mafi sauƙi, kuma gaskiya ne cewa WPA2 mai doguwar kalmar sirri har yanzu tsaro ne mai kyau ga gida. Ni kuwa ban so a sassauta tsaron wayoyin da muke harkar banki da su saboda na'urar wasa ba, na tambaye shi ko akwai wata hanya. Bai yi musu ba, ya duba ya ga rawutar tana da damar buɗe Wi-Fi na baƙi, wato suna na biyu mai kalmar sirrinsa daban, ya buɗe shi a kan WPA2 domin na'urar wasan kaɗai, ya bar na asali yadda yake. Na yaba da yadda ya karɓi shawarar, sai dai na fi son a ce shi ya kawo ta da kansa, domin ba kowane mai gida ne zai san akwai abin tambaya a wurin ba. Da aka sa sabuwar kalmar sirrin, na'urar ta hau a karon farko tun da ta shigo gidan.

Da a nan ya tsaya ya karɓi kuɗinsa, da ba wanda zai zarge shi, amma ya tambayi ɗana a ina yake yawan zama idan zai yi wasa, yaron ya nuna ɗakinsu da ke can ƙarshen tsakar gida. Rawutarmu a falo take, an cusa ta cikin kabad ɗin talabijin, a bayan dikoda, ƙofar gilashi a rufe saboda ƙura. Mai gyaran ya buɗe wata manhaja a wayarsa mai nuna ƙarfin sabis da lambobi, ya ce in biyo shi. A tsakiyar falo lambar tana da kyau, da muka fita baranda ta ragu, da muka ratsa tsakar gida muka wuce madafa ta sake faɗuwa, muna shiga ɗakin yaran aka rufe ƙofar ƙarfe sai ta kusa ɓacewa, alhali wayar tana nuna sunayen Wi-Fi na maƙwabta biyu da ƙarfinsu ya fi namu a cikin ɗakinmu. Ya ƙwanƙwasa bangon da ɗan yatsa ya ce bulon siminti da rodi da ƙofar ƙarfe su ne manyan masu shanye sabis a gidajenmu, kuma eriyar da ke cikin ƙaramar na'ura irin wannan ba ta da girman da za ta jure abin da kwamfuta ke jurewa. Ya fitar da rawutar daga kabad ɗin, ya nemi ƙusa a saman bango kusa da tagar da ke kallon tsakar gida, ya rataye ta a can. Wannan kaɗai ya ɗaga lambar a ɗakin yaran zuwa inda ake iya aiki da ita, ba a sayi komai ba.

Daga nan ya shiga batun zangon da rawuta ke watsa sabis a kansa, kuma wannan sashe ne da nake ganin duk mai irin wannan na'ura ya kamata ya fahimta. Rawutocin yanzu suna watsawa a zango biyu, na gigahaz 2.4 da na gigahaz 5, Switch kuma tana kama duka biyun. Na 5 ya fi sauri, ba shi da cunkoso, amma bango yana raunana shi da wuri. Na 2.4 ya fi nisa da ratsa gini, sai dai kowa a kansa yake, daga rawutocin maƙwabta zuwa na'urorin Bluetooth, har na'urar ɗumama abinci ta maikurowef tana yi masa hayaniya idan tana aiki. Yawancin rawutoci suna haɗe zangon biyu a ƙarƙashin suna ɗaya su riƙa zaɓar wa kowace na'ura, kuma a wurin da sabis yake tsaka-tsaki wannan zaɓi yana iya sa na'ura ta yi ta tsalle tsakaninsu, wasa yana yankewa. Ya raba su, ya ba kowane suna daban, ya ce wa yaron idan yana falo zai sauke wasa ya hau na 5, idan yana ɗaki ya zauna a na 2.4. Sannan ya duba tashoshin da maƙwabta suke kai, ya bayyana cewa a zangon 2.4 tashoshi 1 da 6 da 11 ne ba sa hawa kan juna, ya ga maƙwabtan sun taru a ɗaya, ya mayar da tamu wata. Ya kuma ja hankalina cewa kada a bar rawuta ta zaɓi tasha ta 12 ko ta 13, domin na'urori da yawa da aka ƙera don kasuwar Amurka ba sa ganinsu, kayan hannu da ke shigowa ƙasar nan kuwa daga ko'ina suke zuwa.

Ana cikin gwaji sai wata lambar kuskure ta fito, 2110-3127, wadda ke nufin na'urar ta isa rawuta amma ta kasa samun mai fassara mata sunayen shafuka zuwa adireshi, wato DNS. Wannan bai ɓata masa lokaci ba, ya cire saitin daga na kai-tsaye ya rubuta 8.8.8.8 da 8.8.4.4 na Google, gwajin ya wuce. Ya gaya wa yaron, wanda ya riga ya sha kallon bidiyoyin masu cewa canza DNS yana ƙara gudun wasa, cewa wannan ba gaskiya ba ne, aikinsa nemo adireshi ne kawai, da zarar an haɗu ba ruwansa da sauri. Lambar MTU kuma, wato iyakar girman ƙunshin saƙon da na'ura ke aikawa, ya bar ta a 1400 yadda ta zo, ya ce ba a taɓa abin da bai yi ciwo ba.

Matsalar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa ita ce ta ƙarshe, kuma a kanta ne na fi ganin darajar mutumin. Bayan komai ya daidaita, an shiga eShop, kantin wasannin Nintendo na intanet, an sabunta manhajar na'urar, Fortnite yana tafiya ba tangarɗa, sai yaron ya buɗe Mario Kart 8 Deluxe don ya kara da ɗan'uwansa da ke karatu a waje, wasan ya yi ta jira sannan ya fitar da lamba 2618-0516. Mai gyaran ya koma gwajin haɗi ya nuna mini wani layi da ban kula da shi ba a baya, inda aka rubuta nau'in NAT, wato ma'aunin yadda saƙo daga waje ke iya shigowa ya isa na'ura, a gabansa harafin D. Switch tana auna wannan daga A zuwa D, sannan F. Mai A ko B yana haɗuwa da kusan kowa, mai D ba ya iya haɗuwa sai da wanda hanyarsa a buɗe take sosai, mai F kuwa ba ya haɗuwa da kowa. Dalilin da ya sa wani wasa ya yi wani ya ƙi shi ne Fortnite yana da sabar kamfani, wato babbar kwamfutar da kowane ɗan wasa yake zuwa gare ta, fita daga gida kuwa ba ta da wahala ga kowace na'ura, shi kuma Mario Kart na'urorin 'yan wasan ne suke magana da juna kai tsaye, saboda haka dole ne saƙon wani ya iya shigowa ya same ka.

Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a buɗe ƙofofin UDP a rawuta, wato hanyoyin da saƙon wasa ke shigowa, ko a kunna UPnP mai buɗe su da kansa, ko a ware na'urar a sa ta a DMZ, inda rawuta ba ta tare mata komai. Ya gwada na farko da na biyu a gabana, harafin bai motsa ba, kuma ya riga ya faɗa mini tun kafin ya gwada cewa ba ya sa ran zai motsa. Ya buɗe shafin rawutar ya nuna mini adireshin da kamfanin layin ya ba ta, wanda ya fara da 100, sannan ya buɗe wani shafin intanet mai nuna adireshin da duniya ke ganin mutum da shi, lambobin suka sha bamban. Ma'anar wannan ita ce rawutarmu ba ta da adireshin kanta a intanet. Adiresoshin tsohon tsari na IPv4 kusan biliyan 4.3 ne kacal, babban rumbunsu ya ƙare tun 2011, shi ya sa kamfanonin layin waya suke tara masu amfani da yawa a bayan adireshi ɗaya, tsarin da ake kira CGNAT, har an ware musu lambobin da ke tsakanin 100.64 da 100.127 don wannan aiki a 2012. Kwatancen da ya yi mini shi ne na gidan haya mai ɗakuna da yawa da ƙofar waje ɗaya wadda makullinta yake hannun mai gida: ɗan haya yana iya buɗe ƙofar ɗakinsa yadda ya so, amma baƙon da ba a san da zuwansa ba a bakin titi zai tsaya. Duk ƙofar da za a buɗe a rawutarmu ta ɗaki ce, ta wajen tana hannun kamfani.

Abin da ya ce bayan wannan shi ne, "Ranka ya daɗe, wannan ba aikina ba ne, kuma duk wanda ya karɓi kuɗinka a kansa ya cuce ka." Ya lissafa hanyoyin da suka rage ba tare da ya yi alkawarin ko ɗaya ba. Ana iya tambayar kamfanin ko yana sayar da adireshi na kai, wanda galibi ga 'yan kasuwa ake bayarwa kuma da ƙarin kuɗi. Ana iya gwada layin wani kamfani, domin ba duka suke tsananta rufewar daidai ba, wani lokaci harafin yakan sauya. Ana iya komawa intanet na waya mai zaren gilashi idan ya iso unguwa, amma a tambaya kafin a biya, domin a cikinsu ma akwai masu tara mutane a bayan adireshi ɗaya. Ya kuma tuna wa yaron cewa Mario Kart 8 Deluxe yana haɗa na'urori har 8 a wuri ɗaya ba tare da intanet ba sam, idan abokai suna kusa. Na san masu gyara da yawa da a irin wannan gaɓa za su ce a bar musu na'urar zuwa mako mai zuwa, su dawo da ita yadda take tare da lissafin kayan da ba a canza ba. Mutumin da zai iya cewa ga iyakar abin da hannuna zai kai, a ganina ya fi wanda ya yi gyara goma bai iya faɗar haka ba, domin shi ne zan yarda da maganarsa ranar da ya ce lallai sai an buɗe na'ura.

Kafin ya tafi ya taɓo abubuwa biyu da suka shafi yanayinmu a nan, waɗanda takardar da ke zuwa da na'ura ba ta damu da su ba. Na farko data ne. Switch tana sauke sabuntawar wasanni da kanta ko tana barci idan ba a hana ta ba, kuma wasa ɗaya irin The Legend of Zelda: Breath of the Wild ya haura gigabait 13, don haka gidan da yake sayen data a ƙididdige zai iya wayar gari ya tarar ta ƙare ba wanda ya san dalili. Ya kashe sabuntawar kai-tsaye, ya ce a riƙa yi da hannu lokacin da aka shirya, ya kuma ce idan data ta ƙare na'urar za ta nuna ta hau rawuta amma ta kasa isa intanet, kada a ɗauka wata sabuwar cuta ce. Na biyu wuta ce. Duk lokacin da aka ɗauke wuta ko aka juya zuwa janareta rawuta tana mutuwa ta sake tashi, wasan da ake tsakiyarsa ya yanke, saukewar da ta yi nisa ta tsaya. Ya ba da shawarar ƙaramin batirin ajiya da ake jona wa rawuta, bai kuma ce sai a wurinsa za a saya ba. Ya ƙara bayyana mini abin da ban sani ba, cewa yawancin wasannin karawa ta intanet suna buƙatar rajistar Nintendo Switch Online ta kuɗi, wadda aka fara a watan Satumba na 2018, ban da wasannin kyauta irin Fortnite, kuma mutane da yawa suna kawo masa na'ura da sunan Wi-Fi ya lalace alhali rajistar ce ta ƙare.

Saninsa bai tsaya kan sababbin na'urori ba. A ranar da na fara zuwa shagon na tarar da wani matashi ya kawo Nintendo 3DS, na'urar hannu da ta gabaci Switch, da irin kukan da na zo da shi, na saurari amsar da aka ba shi. An gaya masa cewa 3DS zangon 2.4 kaɗai take gani, don haka rawutar da aka bari a kan 5 kawai ba za ta taɓa bayyana mata ba, sannan ko ta hau, an rufe saye a kantinta tun watan Maris na 2023, an kuma dakatar da wasanninta na intanet a watan Afrilu na 2024. Game da tsohuwar DS, wadda tsohon tsarin tsaro na WEP kaɗai wasanninta suka sani, mai shagon ya ce ba ya yarda ya mayar da rawutar kowa kan WEP, domin tsari ne da aka daɗe da fasawa, kuma sabis ɗin intanet na DS ɗin ma an rufe shi tun 2014. Matashin ya tafi bai biya ko sisi ba.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma wanda zai je ya kamata ya san da su. Alkawarin lokaci ba shi da ƙarfi a wurinsa, mun yi da shi bayan la'asar, sai dab da magariba ya iso, bai kuma kira ya sanar ba sai da na neme shi. Ba ya faɗin kuɗin zuwa gida tun farko, yakan ce sai ya ga aikin, wanda hakan yana sa mai gida cikin zullumi ko da a ƙarshe abin da ya nema bai kai kuɗin katin wasa ɗaya na hannu ba. Ba ya bayar da rasit, ba ya kuma rubuta abin da ya canza, alhali ya taɓa wurare da dama a saitin rawutar, kuma ranar da aka danna maɓallin mayar da ita yadda ta fito daga kamfani duk aikin zai goge. Sai da na ɗauko takarda na sa ya faɗa ina rubutawa. Abin da ya fi damuna shi ne ya shiga shafin rawutar da kalmar sirrin da ta zo da ita daga masana'anta, ya gama aikinsa bai ce a canza ta ba, ga shi kuma yanzu an buɗe Wi-Fi na biyu da abokan yara za su riƙa hawa. Mutumin da ya san haɗarin WEP ya kamata ya san wannan ma, kuma aikin minti ɗaya ne.

Sai kuma batun yaron shagon, wanda ya raɗa wa ɗana cewa ana iya dasa wa na'urar wani guntu a ciki ta riƙa buga wasanni kyauta. Maigidansa ya tsawata masa da na tayar da maganar, ya kuma tabbatar da abin da na sani, cewa a Switch Lite wannan aiki sai an buɗe an yi walda a kan allon cikinta, kuma na'urar da aka gano an yi mata haka ana iya toshe ta daga sabis ɗin intanet na Nintendo gaba ɗaya, wato duk wahalar da aka sha a kan Wi-Fi ta tashi a banza, ban da cewa cin haƙƙin masu wasannin ne. Na yarda ba da yawunsa aka yi tayin ba, amma shagonsa ne, kuma iyaye suna turo yara su kaɗai.

Wanda na'urarsa ta ƙi hawa Wi-Fi zai iya rage wa kansa tafiya idan ya fara gwada ta a kan hosfot na waya, ya rubuta lambar kuskuren da ta fito daidai yadda take, ya duba ko sunan Wi-Fi ɗin a dusashe yake ko ba ya fitowa sam, sannan ya matso kusa da rawuta ya sake gwadawa. Idan ta hau waya ta ƙi rawuta, aikin na saiti ne, kuma irin wannan shago ya dace da shi, musamman ga gidan da ba mai iya shiga shafin rawuta, da sharaɗin a daidaita kuɗi da lokaci tun a waya, a kuma tanadi takarda da biro. Idan ta ƙi hawa kowane Wi-Fi ko an manna ta da shi, a nan ne maganar buɗewa take da hujja. Wanda kuwa damuwarsa harafin D ne a kan rawutar layin waya, kuɗin motarsa ya fi amfani idan ya kashe shi wajen kiran kamfanin da ke ba shi intanet. A gidanmu yanzu na'urar tana hawa daga falo har ɗakin yara, ana sauke wasanni ana sabunta su, Fortnite yana tafiya, karawar Mario Kart da na nesa kuma wani lokaci tana haɗuwa, sau da yawa ba ta haɗuwa, muna jiran amsar kamfanin a kan adireshi na kai.